Filin Tambaya da Amsa: Yaushe taron masu rubutu yake zama al'umma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen nazarin harshe. Na zaɓi in rubuta kundina a kan yadda mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suke zama al'umma guda a intanet ta hanyar maganarsu. Ina cikin wani zauren WhatsApp na masu koyon ɗinki, mu kusan 200, yau shekara biyu ke nan. Na tara taƙaitattun kalmomi da kalmomin sara guda 140 da muke amfani da su, irin su slm da ngd da lfy, na jera su da ma'anarsu. Malamin da ke duba aikina ya karanta ya ce wannan ƙamus ne, ba bincike ba. Ban gane inda na kuskure ba. Sannan ko ya halatta in kwafo saƙonnin mutane in saka a kundin, tunda ni ma 'yar zauren ce?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, taƙaita miki kawai ya yi. Slm da ngd da lfy ba mallakin zaurenku ba ne. Duk mai rubuta Hausa da babban yatsa a waya ya san su, daga mai koyon ɗinki har mai gardamar ƙwallo. Kina son ki nuna abin da ya sa zaurenku ya zama gida, sai kika lissafo kayan da ke kowane gida. Na tabbata cikin 140 ɗin nan akwai biyar ko shida da naku ne ku kaɗai, kuma a nan aikinki yake.

Bari in ba ki labarin yadda ni na fara gane wannan, don ba a aji na gane shi ba. Lokacin da mahaifiyata ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, wata ƙawata ta saka ni a wani zaure na masu jinyar iyayensu. Ranar da na shiga na ga wata ta rubuta: "'Yan jinga, jiya an yi tsawo. Kunne kawai." Sai amsoshi suka biyo baya, kowa da ɗan gajeren abu, wannan ya ce "muna nan", wannan ya ce "faɗi". Ni kuwa, da zafin sabon shiga da ɗan ilimin da na samu a bakin likita, na zauna na rubuta mata dogon bayani kan yadda ake juya marar lafiya don kada ya yi gyambon kwanciya. Babu wanda ya tanka mini. Bayan kamar awa ɗaya wata dattijuwa ta biyo ni ta gefe, ta ce: "Ƙanwata, sannu da zuwa. In mutum ya ce kunne kawai, ba shawara yake nema ba." Kunya ta rufe ni.

Daga baya na gano sauran. "An yi tsawo" na nufin daren da marar lafiya bai runtsa ba, mai jinya ma bai runtsa ba. "'Yan jinga" kuwa tuntuɓen yatsa ne. Wani ya so ya rubuta jinya a farkon kafa zauren, yatsansa ya zame daga y ya faɗa kan g, aka yi dariya, aka ce ai gaskiya ya faɗa, aikin jinga ne sai dai babu mai biya. Sunan ya zauna. Wanda ya yi kuskuren ma ya daɗe da barin zauren kafin in shiga.

Dubi abin da ya faru a nan. Matar ba ta fassara maganarta ba, saboda ta san waɗanda take yi wa magana sun sani. Ni na keta ƙa'idar da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Shirun da aka yi mini hukunci ne, saƙon dattijuwar kuma gyara ne, kuma ba ita ce admin ba, babu wanda ya naɗa ta, amma kowa ya san ita ke wannan aikin. Da na yi jerin kalmomi irin naki, da na rubuta "kunne kawai: saurare ba tare da shawara ba" na wuce, kuma da na rasa duk abin da ya sa kalmar ta yi nauyi. Abin da nake so ki bi shi ne abin da ba a ƙara fassarawa, da wanda ake gyara wa zama idan ya kuskure, da wanda yake gyarawar.

Masana walwalar harshe sun daɗe a kan wannan hanya tun kafin a san intanet. A 1963 William Labov ya buga nazarinsa kan wani tsibiri a gaɓar Amurka mai suna Martha's Vineyard, inda baƙi masu yawon shaƙatawa suke cika gari duk bazara. Ya lura cewa wasu mutanen tsibirin, musamman masunta, suna furta wasu tagwayen wasula ta wata tsohuwar hanya da ta saɓa wa furucin baƙin. Abin da ya fi ƙayatarwa shi ne waɗanda suka fi riƙe wannan furuci su ne masu son tsibirin da niyyar zama a cikinsa, yayin da matasan da ke shirin barinsa suka fi karkata ga furucin waje. Ashe wasali ma yana iya cewa "ni ɗan nan ne". Labov bai tsaya ga jera furucin ba, ya tambayi wa ke yi, wa ba ya yi, me ya bambanta su. Ita ce tambayar da kundinki bai yi ba tukuna.

Tunda zaurenku na ɗinki ne, za ki ji daɗin wannan. Jean Lave ta yi nazarin teloli 'yan ƙabilar Vai da Gola a Laberiya, ta ga ana koyar da yaron shago aiki ne daga ƙarshe zuwa farko. Yana farawa da saka maɓalli da guga da kalmasa, sannan ɗinki, yankan yadi kuwa sai can ƙarshe, don a nan ne kuskure ke jawo asara. A 1991 ita da Etienne Wenger suka gina ra'ayinsu a kan irin waɗannan misalai: mutum yana shiga rukunin masu sana'a ne ta gefe, da ƙananan ayyukan da aka yarje masa, yana matsowa tsakiya a hankali, yana koyon magana irin tasu tare da koyon aikin. Zauren intanet ma haka yake. Sabon shiga yakan yi makonni yana karatu bai ce uffan ba. Sai ya fara da "na gode" da ɗan hoton yatsa. Sai tambaya. Ranar da ya amsa wa wani tambaya, ko ya ce wa sabon shiga "a nan ba ma yin haka", ya iso tsakiya.

Saboda haka ga abin da zan yi da ni ce ke. WhatsApp yana ba da damar fitar da hirar zaure da kwanan wata da lokaci. Ki ware mutum goma da suka shigo bayanki, ki bi saƙonninsu ashirin na farko ɗaya bayan ɗaya. Da wace gaisuwa suka fara, yaushe suka sauya ta? Yaushe suka fara amfani da kalmomin nan biyar ko shida na gida, kuma karon farko sun yi daidai ko an yi musu dariya? Ki sa ido sosai a kan wakilin suna. Akwai ranar da "ku" take komawa "mu", ranar da "yaya kuke yanka wuyan nan" take zama "ai mu ba haka muke yanka shi ba". Ni a wurina wannan sauyin ya fi kalmomin sara ɗari daraja.

Sannan ki nemi rigima. Ɗalibai suna gudun rigima a kundinsu, suna ganin kamar tona asiri ne, alhali nan ne ƙa'ida ke fitowa fili. Susan Herring ta Jami'ar Indiana, wadda ta daɗe tana nazarin hirar kwamfuta, ta kawo alamomin da za a duba kafin a kira taro al'umma, kuma a cikinsu ta sa saɓani da hanyar sasanta shi, tare da tarihi guda, da taimakon juna, da sanin cewa mu daban ne da wasu, da fitowar muƙamai da al'adun zama. Zauren da ba a taɓa faɗa a cikinsa ba, sau da yawa allon sanarwa ne kawai. Ki nemo ranar da wata ta saka tallar kayanta aka yi mata ca, ko aka soki ɗinkin wata har ta yi fushi ta fita aka lallaso ta. Ki karanta kalmomin da aka yi amfani da su wajen tsawatarwa da wajen ban haƙuri.

In kin ce za ki yi ƙirge da kwamfuta, ki yi hattara da Hausarmu ta waya. Yawancin mutane ba sa saka baƙaƙe masu lanƙwasa, don haka "baki" ɗaya zai iya zama bakin magana, ko baƙin zare, ko baƙin da suka zo. Wani ya rubuta "yana", wani "ya na", wani "yna". Ga ingausa, jumla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci. Manhaja za ta ba ki adadi mai kyan gani, amma ba ta san ta haɗa baki uku wuri ɗaya ba. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Larabawa masu rubutu da boko a waya suna saka 3 a madadin ainun, 7 a madadin ha mai kauri, kuma ba kowa ke bin tsari ɗaya ba. Ga zaure mai mutum 200, idonki da littafin rubutu sun fi manhaja. Bambancin rubutun ma kansa bayani ne: in 'yan zaurenku duka sun karkata ga rubuta wata kalma ta hanya guda da ba ta cikin ƙa'idojin rubutu, wa ya fara, su wa suka bi?

Yanzu batun kwafo saƙonni. Zamanki 'yar zaure bai ba ki izini ba. An shigar da ke ne a matsayin mai koyon ɗinki, kuma abin da aka faɗa a gabanki an faɗe shi ne a kan wannan fahimtar. Ki fara samun admin, sannan ki sanar da zaure baki ɗaya abin da kike yi, ki ba duk wadda ba ta so damar cewa a cire nata. Kada ki saka suna, ko lambar waya, ko hoton saƙo. Kuma cire suna kaɗai ba ya isa. A 2006 kamfanin AOL ya saki bayanan abin da mutane sama da 650,000 suka nema a injinsa na bincike a intanet, ya sauya sunayensu da lambobi, amma cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata mata daga abubuwan da ta nema kawai. Cikin mutum 200 da suka san juna, jumla ɗaya ta isa a ce ai wance ce. A 2014 ma Facebook ya sha suka da aka buga wani gwaji da aka yi a kan mutum 689,003, inda aka sauya musu abin da suke gani na tsawon mako guda don a auna yanayin zuciyarsu, ba tare da an tambaye su ba. Babban kamfani ne ya sha, ya wuce. Ke ɗaliba ce, kuma za ki ci gaba da zama da waɗannan mutane bayan an ba ki maki.

Na san abin da za ki ce: in na sanar da su, ai za su sauya magana. Gaskiya ne, kuma Labov da kansa ya yi wa wannan matsala suna, cewa muna son mu ji yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, ga shi ba ma iya ji sai mun kalle su. Amma ke kin yi sa'ar da shi bai samu ba. Hirar shekara biyu tana nan a ajiye, an yi ta kafin kowa ya san za ki yi kundi. Ki nemi izinin tsohuwar hirar, ki yi aiki da ita. Jerin naki na 140 kuma kada ki yar, ki mayar da shi rataye a bayan kundin.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Shekara shida da suka wuce na buɗe wani zaure a Facebook don masu sha'awar gyaran tsofaffin rediyo. Mun fara mu goma sha, yanzu mun haura dubu. Matsalata ita ce yanzu in na shiga sai in ji kamar baƙo. Yaran da suka cika wurin suna da wasu kalmomi da barkwanci da ban gane ba, tsofaffin abokaina kuma sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ina tunanin in kafa doka a daina taƙaita kalmomi da sara, a koma cikakkiyar Hausa. Me kika gani?

Amsa: Barka kadai Malam. Abin da kake ji an auna shi da ma'auni, kuma sakamakon ba zai yi maka daɗi sosai ba.

A 2013 wasu masu bincike, cikinsu har da Cristian Danescu-Niculescu-Mizil da Dan Jurafsky na Jami'ar Stanford, suka ɗauki rubuce-rubucen shekara goma na wasu dandaloli biyu, BeerAdvocate da RateBeer, sama da rubutu miliyan 4. Dandalolin na masu sharhi kan giya ne, kada wannan ya dame ka, abin da ya ja su can shi ne yawan rubutun da tsawon shekarunsa. Suka bi kowane mutum daga rubutunsa na farko zuwa na ƙarshe, suna gwada harshensa da harshen dandalin a wannan watan. Sai suka ga rayuwar mutum a dandali kashi biyu ce. Da farko yana kwaikwayo, yana ɗaukar duk sabuwar kalmar da ta fito, yana rage cewa "ni", harshensa yana matsowa kusa da na jama'a. Daga nan, wajajen sulusin zaman da zai yi, sai ya daskare. Ya daina karɓar sabon abu. Dandali kuwa bai tsaya ba, sababbi suna shigowa da nasu, tazara tana ƙaruwa har ranar da zai yi rubutunsa na ƙarshe. Sun ba da misali da yadda ake gabatar da bayanin ƙamshi: da ana rubuta cikakkiyar kalma, daga baya aka koma harafi ɗaya tak, S, amma tsofaffin 'yan dandali suka yi ta riƙe da tsohuwar kalmarsu. Har suka nuna cewa daga yadda mutum ya yi rubuce-rubucensa na farko ana iya hasashen ko zai daɗe.

To ka ga abokanka da suka yi shiru ba lallai wani ya ɓata musu rai ba. Kai ma da ba kai ka kafa wurin ba, wataƙila da ka bi su.

Kukan naka ma tsoho ne. A dandalin Usenet, wanda ya girmi shafukan yanar gizo, kowane watan Satumba sababbin ɗaliban jami'a sukan shigo su dagula wuri, tsofaffi su yi 'yan makonni suna koya musu ladabin zama, ƙura ta lafa. A tsakanin 1993 da 1994 manyan kamfanoni irin su AOL suka buɗe wa jama'arsu ƙofa, sababbi suka fi ƙarfin masu tarbiyya, har tsofaffin suka riƙa cewa Satumbar 1993 ba ta ƙare ba. Abin lura a nan shi ne yawa da sauri. Zaure yana iya haɗiye baƙo biyar a wata. Ɗari biyu a wata kuwa su ne za su haɗiye shi.

Dokar hana sara ban goyi bayanta ba. Na farko, ba ta aiki. Da Instagram ya toshe wasu kalmomi a 2012, masu amfani da su sai suka sauya harafi ɗaya ko biyu suka ci gaba, kuma abin da za ka samu ke nan, zaurance a kan sara, wanda kai ne farkon wanda zai sha wahalarsa. Na biyu, ka yi wa kanka adalci. Ku goma shan nan na farko ba ku da naku kalmomin? Na yi imani akwai sunan da kuke kiran rediyon da ya gagari kowa, ko wanda ya ƙona kayan aiki saboda gaggawa, kuma a kunnenka wannan ba sara ba ce, magana ce kawai. Yaran nan da suka ƙirƙiro nasu sun nuna maka cewa sun ɗauki wurin gida. Da kasuwa suka ɗauke shi, da sun tambayi abin da ya kawo su sun fita.

Inda kake da haƙƙin tsayawa shi ne inda taƙaitawa ke cutar da aikin. Mai neman taimako kan rediyonsa ya rubuta samfurin da lambar ƙarfen da ya ƙone cikakke, don harafi ɗaya in ya ɓace wani zai sayo abin da ba shi ba. Wannan doka za a bi ta, saboda kowa yana ganin amfaninta. Ka rage saurin karɓar sababbi, ka ɗauko biyu daga cikin yaran ka ba su admin tare da kai. Sannan ka buɗe rubutu guda ka ce kowa ya kawo kalmar zaure ɗaya da labarin inda ta samo asali, kai ka fara da taku ta shekara shida da suka wuce, ka kira tsofaffin abokan naka da sunansu su zo su gyara maka labarin in ka yi kuskure.